Kulastarmu ta Redshift tana nuna lafiya lau amma rahoton safe ba ya buɗewa: me ya kamata mu riƙa sa wa ido?

Ɗan Sabon Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna kula da rumbun bayanai a girgije.

Muna da kulastar Amazon Redshift, wato rukunin injinan da ke ɗauke da rumbun bayananmu a girgijen AWS, mai nod (inji) huɗu irin ra3.xlplus, a yankin Ailan. Da tsakar dare ake loda cinikin rana daga S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS. Da safe kuma, tsakanin ƙarfe takwas da goma agogon Najeriya, ma'aikata wajen arba'in ke buɗe allunan rahoto. Ƙararrawa biyu kacal muka saita a CloudWatch, sabis ɗin sa ido na AWS: ɗaya a kan HealthStatus, ɗaya a kan CPUUtilization idan ya haura kashi 90.

Kwana biyu ko uku a mako, rahoton da ya saba fitowa cikin daƙiƙa goma sai ya yi minti ashirin yana juyawa, wani lokaci ma haɗin ya yanke. Duk tsawon lokacin nan HealthStatus yana kan 1, CPU bai kai kashi 30 ba, babu ƙararrawar da ta buga. Sai daga bakin masu amfani muke jin labari. Zuwa wajen sha ɗaya komai ya warware da kansa.

Na tabbata gibin yana wajen yadda muka tsara sa idon. Waɗanne ma'aunai ya kamata mu ƙara, a wane mataki za mu sa ƙararrawa, kuma ta ina zan fara neman abin da ke faruwa da safen nan? Na gode.

Mai Rumbu ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ƙararrawarka abin da aka tambaye ta shi ta amsa. HealthStatus gwaji ne ƙarami ƙwarai. Kowane minti ɗaya kulasta takan haɗu da rumbunta ta aika kweri mai sauƙi. In amsa ta dawo a rubuta 1, in ba ta dawo ba a rubuta 0. Kwerin nan ba ruwansa da teburorin cinikinku, saboda haka ko da a kulle suke gaba ɗaya zai ci gaba da cewa 1. Kamar ka leƙa ɗakin majinyaci ne ka ga yana numfashi. Ka san da rai, amma ba ka san ko zai iya tashi ya tafi gona ba.

Duk da haka kada ka cire ta, gyara ta za ka yi. Ka yi amfani da Minimum maimakon Average, domin matsakaici yana haɗiye minti ɗaya ko biyu na faɗuwa. Sharaɗin ya zama ƙasa da 1, a maki uku cikin biyar na minti ɗai-ɗai. Sannan ka duba abin da ka zaɓa wa lokacin da bayanai suka daina zuwa kwata-kwata. In ka bar shi yadda yake, ƙararrawar za ta koma INSUFFICIENT_DATA ta yi shiru, alhali shirun kulasta shi ne babban abin tsoro. Ka sa shi a kan breaching, sai dai in kuna dakatar da kulastar da gangan a wasu sa'o'i. Daga nan ka haɗa ta da MaintenanceMode cikin ƙararrawa ɗaya mai sharaɗi biyu: ta buga idan lafiya ta faɗi kuma ba lokacin gyara ba ne. In ba ka yi haka ba za a riƙa tashin mutum daga barci saboda gyaran da aka san da zuwansa.

Tunda an ambaci gyara, fara da duba wannan yau ɗin nan. Lokacin gyaran mako-mako minti 30 ne, kuma da agogon UTC ake rubuta shi. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya. In ka ga 07:00 a saitin, ƙarfe takwas ke nan a wajenku, daidai lokacin da ake buɗe ofis. Wannan ba zai bayyana matsalar kwana uku a mako ba, amma duba shi ba ya cin minti ɗaya, kuma duk lokutan da za ka gani a teburorin tsarin ma da UTC suke.

Yanzu ga ainihin maganar. CPU yana ƙasa mutane kuma suna kuka, wannan kansa alama ce: kwerori suna tsaye suna jira, ba sa aiki. A Redshift wuraren jira uku ne.

Na farko jiran makulli, wato wani ya riƙe tebur. Wannan ba shi da ma'auni nasa na kansa a CloudWatch. Inda yake ɓuya shi ne QueryRuntimeBreakdown, a matakin QueryPlanning, domin kweri yakan nemi makullin tebur tun kafin ya shiga layi. Shirya kweri a al'ada abu ne na ɗan lokaci kaɗan. In ka ga wannan matakin ya kumbura ya kai mintuna, kusan ko da yaushe makulli ne.

Na biyu layin WLM, wato tsarin da ke raba wa kwerori aiki, inda kweri ke jiran gurbi da memori. Ma'aunansa WLMQueueLength da WLMQueueWaitTime. Na biyun duk minti biyar ake aiko shi, don haka kada ka sa masa ƙararrawa mai tazarar minti ɗaya, za ta yi ta rasa bayanai.

Na uku layin COMMIT, wanda CommitQueueLength ke nunawa. Redshift yana kammala COMMIT ɗaya bayan ɗaya ne a duk faɗin kulasta. Manhajar da ke shigar da sahu ɗai-ɗai da INSERT tana rufe kowanne da nasa COMMIT za ta iya tsayar da kowa a layi, CPU kuwa yana zaune.

Ka buɗe waɗannan ukun a kan jadawali guda, ka ɗora safiyar da aka sha wuya a kan safiyar da aka wuce lafiya. Wanda ya bambanta shi ne mai laifi. Ka hanzarta, domin CloudWatch yana ajiye bayanan minti ɗai-ɗai na kwana 15 ne kawai. Daga nan sai na minti biyar-biyar har kwana 63, sai na awa-awa har kwana 455. Tsaikon minti ashirin yakan narke a cikin matsakaicin awa.

Ƙararrawar CPU ta kashi 90 kuwa, ni da zan ba da shawara a sauke ta daga masu tashin mutum. An gina rumbun nan don ya cinye CPU lokacin lodi da manyan lissafi. Amfanin ma'aunin yana fitowa ne in ka raba shi nod-nod ta NodeID. Nod ɗaya a kashi 95 sauran uku a 20 yana nufin bayanai sun taru gefe guda. Nod jagora, wanda ke karɓar kwerori ya raba wa sauran, shi kaɗai a sama yana nufin ƙananan kwerori sun yi yawa, ko ana jan sakamako mai girman gaske ta cikinsa, ko wata manhaja tana yawan karanta kundin sunayen teburori.

Game da matakin ƙararrawa, ba zan ba ka lamba ka kwafa ba, domin layin mutum biyar a wata kulasta al'ada ce, a wata kuma gobara. Ka duba mako biyu na safiyoyi masu kyau, ka ga iyakar da kowane ma'auni ke kaiwa, ka sa ƙararrawa a ninkinsa biyu, kuma sai ya daɗe minti goma a can kafin ta buga. Ka ƙara DatabaseConnections da PercentageDiskSpaceUsed, ka kuma yi rajistar sanarwar abubuwan da ke faruwa da kulasta ta SNS, aƙalla masu matakin ERROR, don ka ji labarin sauya nod ko sake kunnawa.

Abu mafi amfani da za ka gina, a ganina, shi ne ɗan gwajinka na kanka. Lambda guda, wato ƙaramar manhaja da AWS ke gudanar maka, EventBridge mai tsara lokaci ya riƙa tada ita duk minti biyar, ta bi ta Redshift Data API ta aika kweri biyu. Na farko kweri ne na gaske a kan teburin da rahoto ke karantawa, da asusu mai izini irin na masu rahoto, ta auna daƙiƙa nawa ya ɗauka. Na biyu ya tambayi minti nawa ke nan da shigar sahu na ƙarshe. Ta tura lambobin biyu CloudWatch a matsayin ma'auninku. Da wannan gwajin yana nan, da tun takwas da minti goma kun sani.

Bazazzagiya ta rubuta:

Malam Mai Rumbu ya shimfiɗa hanya. Ni zan tsaya a kan makulli, don alamun da ƙanena ya lissafa duk can suka nuna: CPU a ƙasa, ba kullum ba, kuma ya warware da kansa a lokacin da bai da alaƙa da wani aikin na'ura. Abin da ke warwarewa wajen sha ɗaya yakan zama mutum ne ya dawo kan kujerarsa.

Makullai uku ke aiki a kan tebur. SELECT yana ɗaukar AccessShareLock. COPY, INSERT, UPDATE da DELETE suna ɗaukar ShareRowExclusiveLock, wanda ke hana wani mai rubutu amma ya bar masu karatu. TRUNCATE, DROP da ALTER TABLE suna neman AccessExclusiveLock, wanda ba ya zama da kowa. Abin da mutane ke mantawa shi ne ba a sakin makulli idan kweri ya ƙare, sai tiransakshan ɗin gaba ɗaya ya rufe da COMMIT ko ROLLBACK.

To ga yadda tarkon ke ɗanuwa. Wani mai nazari ya buɗe manhajar SQL wadda aka kashe mata autocommit, wato rufe kowane kweri da COMMIT kai tsaye, ya yi SELECT ɗaya na daƙiƙa biyu, ya ga sakamako, ya tashi ya shiga taro. A wajensa ya gama. A wajen rumbu tiransakshan ɗinsa a buɗe yake, makullin karatu yana hannunsa. Wannan shi kaɗai ba ya cutar da kowa. Sai wani aikin da aka tsara ya zo zai yi TRUNCATE a teburin nan, ya tarar da makulli, ya tsaya. Daga wannan lokacin duk SELECT ɗin da ya zo sai ya bi bayan TRUNCATE ɗin, ko da yake shi da mai nazarin ba sa hana juna. Tebur ƙarami ma ya isa, irin na sunayen rassa ko farashi, matuƙar kowane rahoto yana haɗawa da shi.

Don ka tabbatar da abin da ya riga ya wuce:

select user_id, start_time, elapsed_time, lock_wait_time, queue_time, execution_time
from sys_query_history
where start_time > dateadd(day, -3, getdate())
order by lock_wait_time desc
limit 30;

Lambobin nan da maikirosakan suke, ka raba da 1,000,000 ka sami daƙiƙa. In lock_wait_time ya cinye kusan dukan elapsed_time, an gama magana.

Don ka kama shi yana cikin faruwa:

select pid, txn_owner, txn_start, lock_mode, relation, granted
from svv_transactions
where lockable_object_type = 'relation'
order by relation, txn_start;

Inda granted ya nuna f, mai jira ne. Ka duba lambar relation ɗin da masu jira suka taru a kai, ka nemi wanda granted ɗinsa t ne kuma txn_start ɗinsa ya fi na kowa tsufa. Shi ne mai riƙe da ƙofa. Lambar teburin za ka same ta da sunanta a svv_table_info ƙarƙashin table_id. Kada ka ɓata lokaci kana nemansa a stv_recents cikin masu gudana, ba za ka gan shi ba, tunda babu kwerin da yake gudanarwa. Haka kuma CANCEL ba zai yi komai ba, babu abin sokewa. Sai select pg_terminate_backend(pid), wanda ke yanke zaman ya mayar da duk abin da bai kammala ba. Ka dubi txn_owner da kyau kafin ka danna. In aikin lodi ne mai tsawo ka yanke, duk abin da ya rubuta zai koma, kuma komawar ma tana cin lokaci.

Wani abu da ke ruɗa mutane: asusun da ba na babban mai kula ba sahunsa kawai yake gani a yawancin teburorin tsarin. Za ka yi kweri ka ga komai fayau alhali gidan na ci. Ka buɗe asusu na musamman don sa ido, ka ba shi matsayin sys:monitor, kada ka saka kalmar sirrin babban mai kula a cikin Lambda.

Sannan svv_transactions hoton yanzu ne kawai, ba ya tuna jiya. Lambda ɗin da Malam ya ambata ta riƙa karanta shi ita ma, ta fitar da lambobi biyu: yawan masu jiran makulli, da shekarun tiransakshan mafi tsufa cikin mintuna. Ƙararrawa ta buga in akwai mai jiran da ya wuce minti biyar, ko tiransakshan ya wuce minti 30 a lokacin aiki. Na biyun yana da wani amfani: muddin tsohon tiransakshan yana buɗe, VACUUM ba zai iya kwashe sahun da aka goge bayan buɗewarsa ba, sai faifai ya yi ta cika da matattun sahu, kwerori kuma su yi ta tsallake su.

Ɗan Sabon Gari ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Malam, Allah ya ƙara basira Yaya. Na duba, kuma haka ne. A safiyar Talata QueryPlanning ya tashi daga 07:05 UTC, layin WLM kuwa babu kowa. Akwai aikin da ke sabunta teburin farashi ƙarfe takwas da minti biyar, TRUNCATE yake yi sannan COPY. Wanda ya riƙe makullin zama ne daga manhajar SQL ta ɗaya daga cikin masu nazarinmu, ya buɗe tun bakwai da rabi. Na kunna masa autocommit.

Sauran tambaya biyu. Oga yana ganin mu ƙara nod biyu ko mu kunna Concurrency Scaling don kada a sake. Zai taimaka? Kuma yaya zan sake gina aikin farashin don ko wani ya sake barin zama a buɗe kada kowa ya tsaya?

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Ɗan'uwa, ka faɗa wa oga cikin ladabi cewa kuɗin nan ba za su sayi komai ba a wannan matsalar. Nod shida za su tsaya a bakin makulli ɗaya kamar yadda huɗu suka tsaya. Concurrency Scaling kuma yana ɗaukar kwerorin da suka taru a layin WLM ne ya kai su wata kulasta ta wucin gadi, naka kuwa ba su ma iso layin ba. Ranar da WLMQueueLength ya fara tashi da gaske, to a kunna shi. Kowace awa 24 da kulasta ta yi tana aiki ana ba da awa ɗaya kyauta, tana taruwa har awa 30, abin da ya haura kuma da daƙiƙa ake caji, da dala. Saboda haka ranar da za a kunna shi a sa masa iyakar amfani, a kuma sa ido a kan ConcurrencyScalingSeconds.

Aikin farashi kuwa, ka cire TRUNCATE. Ka loda sabon farashin cikin tebur na wucin gadi, sannan a tiransakshan guda ka yi DELETE a teburin gaske, ka yi INSERT daga na wucin gadin, ka rufe da COMMIT ɗaya. Masu karatu za su ci gaba da ganin tsohon farashi har zuwa COMMIT, daga nan su ga sabo, babu wanda ya tsaya. Akwai riba ta biyu. TRUNCATE yana yin COMMIT da kansa nan take, ko da a cikin BEGIN aka sa shi. In COPY ɗin da ke biye ya faɗi, teburin farashi ya zama fanko, rahotanni su fito da sifili ko su ɓace, wanda ya fi jinkiri muni tunda ba kowa zai lura ba. Farashin wannan hanyar shi ne DELETE yana barin matattun sahu, amma a ƙaramin tebur share su da Redshift ke yi da kansa ya wadatar. Wasu za su ce ka loda sabon tebur ka musanya suna da ALTER TABLE RENAME. Yana da kyau ga manyan teburori, sai dai shi ma makullin nan mai hana kowa yake nema, zai maƙale a bayan zaman da aka bari a buɗe. In dole ne, ka sa set statement_timeout to 60000 kafin matakin, don ya haƙura bayan minti ɗaya ya faɗi da kuskure, aikin ya sake gwadawa daga baya.

Tunda ka shiga gyara, kada ka tsaya a makulli. Akwai ciwon da ba ya zuwa rana ɗaya, a hankali yake cin kulasta, kuma svv_table_info ne ke nuna shi. Sau ɗaya a rana ka ja kolum shida na manyan teburorinka. stats_off in ya haura 10 a yi ANALYZE, don mai shirya kweri yana lissafi da tsohon ƙiyasi, zai iya zaɓar ya watsa babban tebur zuwa kowane nod. skew_rows rabo ne tsakanin yankin nod (slice) da ya fi yawan sahu da wanda ya fi ƙaranci. In ya kai 4, DISTKEY ɗin, wato kolum ɗin da ake raba sahu da shi tsakanin yankuna, bai dace ba. Wannan yakan faru in aka raba bayanai da kolum irin lambar reshe, reshe ɗaya kuma shi ke da rabin cinikin, ko kolum mai yawan NULL. Kulastarka yanki takwas ce, biyu a kowane nod, kuma kweri ba ya ƙarewa sai yanki mafi nauyi ya gama. unsorted ka karanta shi tare da vacuum_sort_benefit, don tebur na iya zama a hargitse ƙwarai amma kwerorinku ba sa tacewa da SORTKEY ɗin, jera shi ba zai ƙara komai ba. Sai tbl_rows da estimated_visible_rows: tazarar da ke tsakaninsu ita ce matattun sahu.

A gefen kwerori, svl_query_summary yana da kolum is_diskbased. Inda ya nuna t, memori bai ishi matakin ba ya zube kan faifai, kuma nan ne kwerin daƙiƙa goma ke zama na minti goma. stl_alert_event_log kuma yana rubuta gargaɗi da kansa, kamar haɗin teburori da aka manta sharaɗinsa. Irin wannan haɗin tsakanin tebur mai sahu dubu ɗari da wani mai dubu ɗari yana haifar da sahu biliyan goma. Dokokin sa ido na WLM suna kama shi tun yana gudana: ka kafa doka a kan nested_loop_join_row_count, wata a kan query_temp_blocks_to_disk, wanda ke ƙirga tubalan 1 MB, wato 50,000 kusan 50 GB ke nan. Dokoki har 25 aka yarda a layi guda, kowace da sharaɗi har uku. Ni a layin masu rahoto abort nake ganin ya dace.

Na ƙarshe, lodi. Ka sa Lambda ta ƙirga sababbin sahu a stl_load_errors bayan kowane lodi. Kuskuren da ya fi damun masu bayanan Hausa shi ne 1204, rubutu ya fi faɗin kolum. VARCHAR a Redshift bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne bayit biyu ne a UTF-8, alamar naira ₦ kuma uku. Sunan kaya ko na gari mai harafi 20 cif da ƙ guda biyu a ciki ba zai shiga VARCHAR(20) ba, kuma kolum irin CHAR ba ya karɓar waɗannan haruffan sam. Sahu ɗaya tak ya isa ya kada COPY gaba ɗaya. Kada a rufe matsalar da TRUNCATECOLUMNS ko MAXERROR mai yawa, don lodin zai ce ya yi nasara alhali ya gutsure sunaye ko ya zubar da sahu. A faɗaɗa kolum ɗin. Fayilolin kuma a raba su takwas, ko sha shida, masu girma kusan ɗaya, don kowane yanki ya ɗauki rabonsa.

Mai Rumbu ya rubuta:

Na yarda da duk abin da Malam na Damagaram ya kawo, sai wuri ɗaya. Kada a fara dokokin nan da abort. A sa su a kan log na mako biyu, a riƙa karanta stl_wlm_rule_action a ga su wa za su faɗa ciki. Sau da yawa rahoton ƙarshen wata na sashen kuɗi yana cikin masu zubewa kan faifai, kuma halal ne ya yi hakan sau ɗaya a wata. In mako biyun bai haɗa da ƙarshen wata ba a ƙara kwanaki. Bayan an ga jerin sai a ɗaure waɗanda suka cancanta.

Akwai kuma maganar da ka yi tun farko cewa wani lokaci haɗin yakan yanke, ba mu taɓa ta ba. Kwerin da ke jira ba ya aika komai ta waya, sai na'urorin da ke tsakani su ɗauka haɗin ya mutu. NAT Gateway na AWS yana yanke haɗin da ya yi shiru na daƙiƙa 350, katangar tsaron ofis ma tana da nata wa'adin. Linux kuwa a saitinsa na asali sai bayan daƙiƙa 7200 yake aika saƙon "ina nan". A sabar da manhajar rahoto ke kai ka mayar da net.ipv4.tcp_keepalive_time zuwa 200. In kuma ka ga ƙananan kwerori suna wucewa amma masu babban sakamako suna maƙalewa ba tare da wani makulli ba, ka duba MTU, wato iyakar girman fakitin da hanya ke ɗauka: wasu injinan EC2 suna kan 9001, hanyar waje kuma 1500 take ɗauka, in an toshe saƙon ICMP da ke sanar da hakan sai fakiti su ɓace shiru. Amfanin gyara wannan ya wuce jin daɗin mai rahoto. Manhajar da haɗinta ya yanke takan sake aiko kwerin, tsohon kuma yana nan a kulasta, sai layi ya ninka. Tashin DatabaseConnections a safiyar Talata zai nuna maka ko hakan ya faru.

Bazazzagiya ta rubuta:

Ƙanena, autocommit ɗin da ka kunna wa mutum ɗaya ne, gobe wani zai sauke manhajar a sabuwar kwamfuta da saitinta na asali. Ka sa alter user ... session timeout 1800 ga duk asusun masu nazari. Yana karɓar daga daƙiƙa 60 har kwana 20, kuma sababbin zama yake shafa, don haka sai sun fita sun sake shiga. Ka gwada shi da kanka: buɗe BEGIN, yi SELECT a teburin gwaji, bar shi, ka duba svv_transactions bayan rabin awa. Ƙararrawar tsohon tiransakshan ta ci gaba da zama ko da gwajin ya yi kyau. Asusun aikin lodi kada ka sa masa wannan wa'adin sai ka san tsawon shirun da yake yi tsakanin matakai.

Kuma ka fara kwashe tarihi daga daren yau. Teburorin STL ba sa riƙe abin da ya wuce mako guda, bayanan safiyar Talatar nan da ka yi bincike da su za su shuɗe kafin Laraba mai zuwa. Aiki ɗaya ƙarami da ƙarfe ɗaya na dare, kafin lodi ya fara, ya kwafi na jiya daga sys_query_history, stl_wlm_rule_action da stl_load_errors zuwa S3, kowace rana a jakarta, tare da sakamakon svv_table_info na ranar. Ka tace da kolum ɗin lokaci na kowane tebur daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare na UTC, don kada awa ɗayan da ke tsakanin agogon biyu ta sa wasu sahu su shiga sau biyu.